Jikkar Goyo Marar Ƙashi: Darasin Da Wata Ɗalibata Ta Koya Mini

Shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina riƙe da alli. Na fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram, na koyar a ƙauye, na koyar a birni, yanzu kuma ina wata makarantar firamare a bakin garin Maraɗi. A tsawon wannan lokaci na yi kurakurai da dama, amma akwai guda da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi a wannan wata na Oktoba da yara suka koma lakwal, iyaye kuma ke ta fama da sayen kayan karatu, ko Allah ya sa wani malami ko wani uba ya amfana.

Shekaru huɗu da suka wuce ina riƙe da ajin CE2. Akwai wata yarinya ƴar shekara tara, mai natsuwa, mai kyan rubutu, ba ta cika magana ba. Matsalarta guda ce: littattafan rubutunta, wato kaye, kullum a cukurkuɗe suke. Kusurwoyin sun nannaɗe, bangon ya karye a tsakiya, wasu shafuna sun rabu da ƙarfen da ya riƙe su. Duk ranar da na karɓi littattafai don dubawa sai na rage mata maki, in rubuta da jan bik da Faransanci cewa littafin ba shi da tsabta. Wata rana ma na ɗaga littafinta sama a gaban aji na ce, "Ku dubi wannan, kamar akuya ta tauna." Yara suka yi dariya. Ita kuma ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba.

Abin da ya fi tsorata ta shi ne littafin karatu na makaranta. A ajinmu littattafan ba su isa kowa ba, don haka yara uku ke tarayya a kan guda, kowa ya kwana da shi ranar da ta faɗo kansa. Ranar da littafin ya dawo daga hannunta da bango a tsage, abokan tarayyarta biyu suka kawo ƙara, ni kuma na ce ta faɗa wa mahaifiyarta ta zo. Washegari ba ta zo makaranta ba. Jibi ma haka. Sai a rana ta uku na gan ta da mahaifiyar, wata mata mai tuyar ƙosai a bakin hanya, suna tsaye a inuwar bedi suna jirana.

Bayan mun gaisa matar ta ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Wallahi yarinyar nan tana kula da kayanta, har cikin zanena take naɗe su da dare saboda ɓeraye. Ban san abin da ke cin su ba." Na ce wa yarinyar, "Ɗiyata, sauke jikkarki in gani." Ta sauke. Tana ajiye ta a ƙasa sai jikkar ta kwanta ta zube kamar buhun da aka juye hatsinsa. Jikkar goyo ce irin ta yadi mai laushi, wadda ake samu da araha a kasuwa, ba ta da komai a baya sai ƙyalle ɗaya. Na buɗe. A can ƙasa akwai gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. A kanta littattafan suka lanƙwashe kamar baka, allon rubutu ya soki ɗaya daga gefe, ga ƙullin gyaɗa da take sayarwa lokacin shan iska, ga allon ƙanenta na ajin CI wanda ita ke ɗaukar masa.

A nan na gane abin da na kasa ganewa wata uku. Yarinyar tana tafiyar kusan rabin awa daga gida, wani lokaci da gudu in ta makara. Kowane taku, kayan ciki na gangarawa ƙasa su taru wuri guda, littattafan su naɗe a jikin gorar, kusurwoyinsu su riƙa gogar ƙyallen. Ga zufar bayanta tana ratsa yadin tana jiƙa bangon littafin da ke jingine da ita. Ko malamin da ya fi kowa tsabta aka ba wannan jikka, haka littattafansa za su koma. Na hukunta yarinya a kan laifin jikka, na kuma sa aka yi mata dariya. Na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta, daga baya kuma a gaban ajin da na kunyata ta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ga malami rashin tambaya ya fi muni, domin da na ce ta buɗe jikkar tun watan farko da ba a kai nan ba.

Abin da ya fara zo mini shi ne in ce a sayo mata wata jikka mai ƙarfi. Kafin in furta sai na tuna da wa nake magana. Mu nan Nijar da jikka ake sayen jikka: a lokacin marar ƙashi jikka ɗaya da rabi ce ko biyu, mai kyau kuwa sai ka ninka sau uku ko fiye. Mai ƴaƴa biyar a makaranta, ga kaye, ga bik, ga alli, ga takalmi, ina za ta samu? Ko kayan bosho ma, masu ƙwarin ciki an riga an tsince su tun kafin a koma makaranta. Na ce da ita ta bar mini jikkar ta kwana a wurina, yarinyar ta tafi da kayanta cikin leda.

Da dare na zauna na ajiye jikkar kusa da tawa, wata tsohuwar jikkar kwamfuta da wani ɗan uwana ya ba ni. Na riƙa matsa su ina neman bambancin. Tawa tana da abubuwa uku da tata ba ta da su: wani abu mai tauri a ɓangaren da ke jingine da baya, soso tsakanin taurin da jikin mutum, da kuma gindi mai faɗi da ke sa ta zauna in an ajiye ta. Shi ke nan sirrin. Manyan jikkunan da masu hawan duwatsu ke goyawa ma haka ake yin su, ana zura faifan roba mai ƙarfi a bayansu don kaya su tsaya kuma nauyi ya bazu a kan bayan mutum. Na ce in dai wannan ne, ai muna da kwali, muna da soso, muna da roba a kowane gida.

Gwajina na farko bai yi nasara ba, kuma zan faɗi yadda ya lalace don kada wani ya maimaita. Na yanko kwalin sabulu na zura a bayan jikkar haka nan tsirara. Kwana goma ya yi. Zufa ta jiƙa shi ya yi laushi, ya karye a tsakiya, kusurwoyinsa masu tsini kuma suka fara huda ƙyallen ta ƙasa. Na biyu, wani uba da ya ji labari ya yanko wa ɗansa falankin katako siriri ya sa masa. Littattafai sun tsira, amma yaron ya riƙa kukan ciwon baya, kuma ranar da suka yi faɗa da abokinsa ya maka masa jikkar a ka, sai da muka kai shi likita aka duba. Tun daga ranar na hana katako da kwano da duk wani ƙarfe. Abin da ake so shi ne tauri mai ɗan lanƙwasa, wanda zai bi bayan yaro in ya sunkuya.

Ga yadda muke yi yanzu, bayan shekara huɗu ana gyara. Da farko a zazzage jikkar, a shimfiɗa ta, a auna faɗi da tsawon bayanta daga ciki, daga ɗinki zuwa ɗinki. A rage santimita ɗaya a kowane gefe, domin in kwalin ya cika wurin tam zai matsa ɗinki ya hana zif rufuwa. Idan babu abin awo, a ɗora jikkar a kan kwalin a zagaye ta da bik, sannan a yanka ta cikin layin. Ƙaramin kaye da yaranmu ke amfani da shi faɗinsa santimita 17 ne, tsawonsa 22. Babban kuwa 24 da 32. Don haka in jikkar ta ƙananan aji ce, kwali mai faɗin 22 da tsawon 28 ya wadatar. Ga ƴan CM1 da CM2 masu manyan littattafai sai a nemi wanda ya kai girman babban kaye, in jikkar za ta ɗauka.

Kwalin da ya dace shi ne mai ramuka a tsakiya, irin na sabulu ko makaroni ko biskit, wanda masu kanti ke jefarwa ko su sayar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi. In ka dubi bakin kwali za ka ga ramukan suna tafiya ta hanya ɗaya kamar kunyoyin gona. Kwali yana saurin naɗewa in ka bi kunyoyin, yana kuma gardama in ka so ka karya su a tsakiya. Saboda haka a yanka faifai biyu: ɗaya kunyoyinsa a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a kwance. In aka haɗa su aka ɗaure, kowane yana tare raunin ɗan uwansa, sai ka ji sun yi ƙarfin da ba ka zata ba, nauyinsu kuma bai kai na kaye guda mai shafi 200 ba. Sannan a zagaye kusurwoyi huɗun da almakashi. A ɗora murfin gwangwanin madara a kusurwar a zana, a bi zanen. Kusurwa mai tsini ita ce ke cin jikka.

Mataki na gaba shi ne kare kwalin daga ruwa, kuma shi ne wanda in aka tsallake aikin ya tashi banza. Mu da muke karatu cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mun san yadda bayan yaro ke jiƙewa kafin ya iso gida da rana, ga ruwan farkon damina da kan riske mu a watan Yuni kafin hutu. A naɗe kwalin cikin leda mai kauri, a liƙe bakin da salatif mai faɗi irin na ɗaure kaya. Wanda ya fi leda ƙarko shi ne buhun shinkafa: a yanko, a naɗe, a ɗinke bakin da basilla. Wata uwa ta nuna mana cewa guntun ledar shimfiɗar ɗaki ma na yi, kuma ya fi kyan gani.

Bayan haka sai soso. Tsohuwar katifa da ta mutu tana da sauran amfani: a yanko soso mai kaurin yatsa guda, girman kwalin, a ɗora a fuskar da za ta jingina da bayan yaro. Idan babu soso, tsohon tawul ko bargo da aka ninka biyu ya isa. A haɗa su da kwalin da ɗinki huɗu a kusurwoyi don kada ya zame. Yaro ba zai ji taurin kwalin ba, kuma tsinin allo ko na akwatin kayan lissafi ba zai ƙara sukar bayansa ba.

Gindin jikka shi ne na biyu a muhimmanci. In bayan ya tsaya amma gindin na nan kamar aljihun wando, littattafai za su ci gaba da nitsewa. Ga gindi mun fi son roba a kan kwali, saboda yara na ajiye jikka a ƙasa, wani lokaci a kan danshi. Bido mai ruwan ɗorawa na man girki, mai lita 20 ko 25, wanda ya fashe ya daina riƙe ruwa, shi ne abin nema. Robarsa irin wadda ake yin faifan bayan manyan jikkuna ce, tana da ƙarfi kuma ba ta karyewa da sauƙi. Babba ne zai yanka, ba yaro ba, da wuƙa mai kaifi, daga gefen bidon mai faɗi. In ta ɗan lanƙwashe sai a tsoma ta cikin ruwan zafi, a ɗora mata turmi ko bulo ta kwana, da safe za a same ta a miƙe. A zagaye kusurwoyin, a goga bakin a kan siminti har sai ya daina kaifi. A gwada da yatsa, in ya karce ka to zai yanka jikka. Gargaɗi guda: kada a taɓa bidon da aka zuba fetur ko maganin ƙwari na gona, ko an wanke shi. Yaro na sa abincinsa cikin wannan jikka.

Wanda ya samu bido biyu yana iya yin bayan ma da robar a maimakon kwali. Ya ɗan fi nauyi, amma ba ruwansa da zufa, kuma na ga wanda ya yi shekara uku ana cire shi daga tsohuwar jikka ana mayarwa cikin sabuwa. Wanda kuma bai samu bido ba, tsofaffin silifa biyu da aka yanke aka jera a gindin jikkar suna yin aikin, har ma suna rage bugun da allo ke sha in yaro ya jefar da jikka.

Saura abu ɗaya: yadda za a hana faifan yawo a ciki. Wasu jikkunan na da aljihu a bayansu daga ciki, sai a zura kawai. Waɗanda ba su da shi, a kai wa tela ya ɗinka ƙyalle ɗaya ya zama aljihu mai buɗaɗɗen baki ta sama, yadda za a iya zaro faifan in za a wanke jikkar. Telan unguwarmu, wani dattijo mai keken ƙafa, da na kai masa ta farko ya juya ta ya ce, "Malam, ai wannan ba aiki ba ne." Dala ashirin ya karɓa, ya kuma ƙara mini da wata dabara da ban sani ba: ya bi wurin da igiyoyin goyo suka haɗu da jikin jikkar ya ninka ɗinkin, ya ɗora guntun yadi mai kauri ta ciki. Ya ce nan ne jikkar yara ke fara mutuwa, kuma in baya ya yi tauri nauyin zai ƙara jan wurin. Gaskiyarsa ne. Duk wadda muka tsallake wannan, igiyarta ce ta fara tsinkewa.

Gyaran jikka rabin aiki ne, sauran rabin shi ne koya wa yaro shirya kaya. Manyan littattafai da allo su jingina da faifan baya, a tsaye, ƙanana a gabansu. Gorar ruwa ta tsaya a gefe, ko a aljihun waje in akwai, ko yaro ya riƙe ta a hannu. Kada ta kwanta a ƙasa. Littattafan a haɗa su a ɗaure da robar tsohon tayar keke da aka yanka siririya, sai su zama dunƙule guda da ba ya naɗewa. Littafin makaranta na tarayya kuma muna yi masa riga ta musamman: kwali biyu da aka haɗa da ƙyalle a gefe ɗaya kamar bangon littafi, a sa shi ciki a ɗaure. A goya jikka da igiya biyu, a ja su har jikkar ta manne da baya, gindinta kada ya sauka ƙasa da ƙugu. Samari ƴan CM2 sun fi son rataya ta a kafaɗa ɗaya don gayu. Da su nake fama har yau.

Sai batun nauyi, wanda kwali ba ya magance shi. Likitoci da dama na ba da shawarar kada jikkar yaro ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa, wasu su ce iyaka 15. Yaro mai kilo 25 ke nan bai kamata ya goya fiye da kilo biyu da rabi ba, in an matsa kilo uku da kwata uku. Na aro sikeli daga wani mai sayar da siminti da ƙusa na auna jikkar yarinyar nan da kayanta: ta haura kilo huɗu, kuma kilo ɗaya da rabi daga ciki ruwa ne, tunda kowace lita kilo guda ce. Laifin nan ma akwai namu. Mu malamai ne ke cewa a zo da kowane kaye kowace rana don kada mu wahalar da kanmu wajen tsara abin da za a yi gobe. Yanzu kafin a tashi nakan rubuta a allo abin da za a zo da shi, sauran a bar su gida. Mun kuma samu randa biyu a bakin aji da taimakon iyaye, sai gorunan suka ragu.

Akwai wani abu da ban yi tsammani ba. Makon farko da yarinyar ta zo da jikkarta a tsaye, wasu yara suka leƙa suka ga kwalin sabulu, suka laƙaba mata "mai jikkar kwali". Na ga tana ɓoye jikkar a ƙarƙashin ƙafarta. Na gane cewa in na bar abin ya zama na ƴaƴan talakawa kaɗai, na sake jefa ta cikin wata dariyar. Sai na mayar da shi darasin kowa. A cikin jadawalinmu akwai lokacin aikin hannu da muke kira APP, wanda, mu faɗi gaskiya, sau da yawa shara da ɗebo ruwa muke mayar da shi. Na ce kowane yaro ya zo da kwali da leda, har masu jikkuna masu tsada, su yi wa littafinsu riga. Na zo da tawa jikkar kasuwa na fara gyara ta a gabansu. Yarinyar kuma na naɗa ta mai nuna wa sauran yadda ake haɗa kunyoyin kwali a gicciye, tunda ta riga su sani. Ranar ce na fara jin muryarta da ƙarfi a aji, tana ce wa wani yaro, "Kai, ba haka ba, juya shi."

A wannan darasi ne na ga amfanin da ban nema ba. Yaran da suka kasa gane santimita a allo sun gane ta da suka auna jikkarsu, domin wanda ya yi kuskure kwalinsa ya ƙi shiga. Mun yi lissafin tsawo da faɗi da kewaye, mun yi ragi, mun yi maganar kusurwa. A makarantar horon malamai an sha gaya mana cewa yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya taɓa. Sai da na shekara goma sha shida ina koyarwa na ga hakan da idona a kan kwalin makaroni. Yanka da wuƙa dai ni da wasu iyaye mata biyu muka yi, yara almakashi kawai muka ba su.

Ba zan ce wannan dabara ta warware matsalar ba. Jikkar da ƙyallenta ya riga ya ruɓe, ko zif ɗinta ya mutu, kwali ba zai tashe ta ba. Na kwali kan buƙaci canji sau ɗaya ko biyu a shekara. Kuma dalilin da ya sa yaranmu ke jigilar komai safe da rana da yamma shi ne yawancin azuzuwanmu ba su da kabad, wasu ma rumfunan zana ne marasa ƙofa da ba a iya barin ko alli a ciki. Da akwai akwatin ƙarfe mai makulli a kowane aji, da littafi ɗaya ga kowane yaro, da rabin wannan rubutu bai zama dole ba. Wannan magana ce da ya kamata kwamitocin COGES da hukumomin ilimi su riƙa ji daga bakinmu a kowane taro, kuma gyaran jikka bai sauke musu nauyin ba. Sai dai kafin akwatin ya zo, littafin da ke hannun yaro yau shi ne ƙanensa zai karanta baɗi, kuma kaye ɗaya da ya lalace kafin ya cika kuɗin cefanen wata uwa ne.

Ga iyaye, roƙona shi ne yau da dare ku ce yaro ya kawo jikkarsa. Ku ajiye ta a ƙasa ku gani ko za ta zauna. Ku buɗe ku ga abin da ke ciki da yadda ya kwanta. Ku ɗaga ta da hannu ɗaya ku ji nauyin da yake ɗauka kullum. In za ku sayi sabuwa, ku matsa bayanta da gindinta kafin ku dubi hoton da ke jikinta, ku ja igiyoyin ku duba ɗinkin, kuma kada ku sayi wadda ta fi bayan yaron faɗi da sunan zai girma da ita. Ga ƴan uwana malamai kuwa, kafin jan bik ya sauka a kan littafin da ya cukurkuɗe, a tambayi yaron yadda littafin ke zuwa makaranta. Tambayar ba ta cin minti ɗaya.

Yarinyar ta gama CM2 bara, tana koleji yanzu. Kwanan baya na bi ta wurin mahaifiyarta sayen ƙosai, ta ce, "Mushe, ɗiyarka ta hana mu jefar da kwali a gidan nan, duk na ƙannenta ita ke yi musu." Ta ƙara mini ƙosai uku a kan na kuɗina, na ce ba za a yi haka ba, ta ce sai an yi. Na karɓa.

Allah ya raya mana su, ya ba su ilimi mai amfani, mu kuma ya yafe mana abin da muka yi musu cikin rashin sani.